Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin kasuwanninmu na Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe iyayenmu sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Alaba Rago da sauran zangunan da ban ambata ba, Allah ya ja zamaninku. Allah ya gafarta malamai, limamanmu na Juma'a da na masallatan unguwa. Shugabannin 'yan gwari, 'yan hatsi, 'yan kara, mahauta, 'yan garuwa, masu shayi da 'yan acaɓa, ina gaisuwa, Allah ya sa wa nema albarka.

Ni ɗanku ne, a Agege nake zaune da iyalina, hatsi nake sayarwa. Da da hali da na bi fadodinku ɗaya bayan ɗaya na durƙusa na faɗi abin da ke raina, to amma kun san Ikko, daga Agege zuwa Alaba kaɗai sai goslo ya cinye maka yini, kuma maganar ta shafi matanmu da samarinmu da ba sa zuwa fada, shi ya sa na sa ta a nan inda kowa zai karanta. In na yi zafi a wani wuri a yi min afuwa, abin ne yake ci min rai.

Maganar tanadi ce. Mu ne muke ciyar da garin nan, duk wanda ya taɓa tsayawa a Mile 12 da asuba ya ga tirelolin tumatir da albasa da tattasai suna sauke kaya ya san haka, kuma Legas ta shaida a ƙarshen Fabrairun 2021 lokacin da ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kawo kaya kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, cikin 'yan kwanaki kwandon tumatir ya yi tashin gwauron zabi. Amma ku shiga ɗakin wanda ya yini yana sauke buhunan nan ku duba, wallahi da wuya ku tarar da abincin kwana uku. Ba ruwan sha a ajiye, ba ko farasitamol, takardunsa na ƙarƙashin katifa a ƙasa inda ruwa zai fara tarar da su, kuɗinsa kuma duk suna cikin waya. In musiba ta riga ta auku kam ba a fi mu ba, nan da nan za a haɗa kuɗin likkafani, a haɗa na motar da za ta kai marayu gida, a zauna zaman makoki, wannan hali ne mai kyau Allah ya bar mu da shi. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a tara mu tun lafiya lau a ce kowane magidanci ga abin da zai ajiye a ɗakinsa saboda ranar da ba za a iya fita ba.

Kuma ranar tana zuwa fa, mun sha ganinta. Daren Lahadi 29 ga Maris 2020 marigayi Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce an kulle Legas da Ogun da Abuja saboda korona daga ƙarfe 11 na daren Litinin, wato yini ɗaya tal aka ba mutane su shirya, aka ce sati biyu ne, aka yi ta ƙarawa sai 4 ga Mayu aka sassauta, sati biyar ke nan. Wanda sai ya fita yake samun na cefane me zai ci sati biyar? A cikin kullen nan ne kuma aka shiga fargabar 'yan daban da ake kira One Million Boys da Awawa, mutanen Agege da Alimosho suka riƙa kwana a titi suna ƙona taya suna gadin layinsu. Wata shida bayan nan, ranar 20 ga Oktoba, lokacin zanga-zangar EndSARS, wajen tsakar rana aka sanar da dokar hana fita ta awa 24 da za ta fara ƙarfe 4 na yamma, daga baya aka ɗaga zuwa 9 na dare, mutane suka yi ta takawa a ƙasa daga Ailan zuwa gidajensu, washegari gari ya kama da wuta, shaguna a rufe, ba burodi ba fiya wata. Wannan karon ko yini ɗayan ma ba a samu ba, awoyi ne.

Sai kuma farkon 2023 da aka canza takardun naira 200 da 500 da 1000, wannan ba dokar hana fita ba rikici, kasuwa a buɗe kaya jibge amma ba takardar kuɗi. Ina tsaye a wani kemis a unguwarmu da magariba wani yaro ɗan maƙwabtanmu ya zo sayen maganin hawan jinin mahaifiyarsa, kuɗi na cikin asusunsa, ya yi tiransifa an cire masa amma alat bai shigo wa mai kemis ba, mai kemis ya riƙe kwalin maganin a hannu ɗaya waya a ɗaya hannun yana ta dubawa, yaron yana rantsuwa yana nuna masa fuskar wayarsa, har aka kira isha'i suna nan a haka. Naira dubu biyu a cikin gwangwani da ta raba wannan gardama, ko kuma a ce an sayi maganin tun saura na sati ɗaya bai ƙare ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa min a majalisa: wai wannan ƙarancin tawakkali ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Allah ya gafarta malamai, nan ne nake roƙonku ku shigo, don maganarku ta fi tawa nauyi nesa ba kusa ba. Ku ne kuka karantar da mu a tafsirin azumi yadda Annabi Yusuf alaihissalam ya ce a yi noma shekara bakwai a bar hatsin a zangarniyarsa saboda shekarun fari masu zuwa, ku ne kuka faɗa mana mutumin da aka ce wa ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, kuma ya tabbata Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Kakanninmu ma ai da rumbu muka tarar da su, ba wanda ya ce musu ba su yarda da Allah ba. Abin da shari'a ta hana daban ne, ɗan kasuwa ya ɓoye kaya a sito yana jiran mutane su galabaita ya tsawwala, wannan kam mu 'yan hatsi mu ji tsoron Allah a kansa. Amma magidanci ya ajiye wa 'ya'yansa tiya biyu ta gero, ina laifi a ciki? In an ji wannan bambancin daga kan mumbari rabin aikin ya ƙare.

Wasu kuma za su ce malam ana ta kai wa yake ta kaya, wanda bai samu na yau ba ina zai samu na ajiya. Wannan maganar gaskiya ce kuma ban raina ta ba, tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ni da nake auna wa mutane ina gani da idona wanda ke sayen cikin robar fenti ya koma gwangwanin derika, mai derika ya koma rabi. Shi ya sa ban ce a sayi buhu ba. Abincin kwana uku kawai nake magana a farko, in Allah ya hore a kai sati ɗaya, a kai biyu. Duk ranar da uwargida za ta ɗora tukunya ta ɗebi cikin tafin hannu ɗaya na shinkafa ko wake ta zuba a wata roba mai murfi, kafin wata ya zagayo an tara abin da zai riƙe gida. Mata sun fi mu iya wannan, in dai an faɗa musu dalili kuma maigida bai zo ya ce a dafa masa na cikin robar ba.

Ruwa shi ne kan gaba, kuma shi muka fi sakaci da shi saboda mun saba ɗan garuwa na ƙofar gida da kurarsa. To ranar da aka hana fita shi ma ɗan garuwan ba zai fito ba, in ba wuta ba mai kuma mai bohol ba zai tayar da inji ba. Mutum ɗaya a zafin Legas yana buƙatar kusan lita uku a yini na sha kaɗai, gida mai mutum shida a kwana uku lita 54 ke nan, wato jarka biyu masu lita 25 har da ɗoriya, ba a yi maganar girki da tsarki ba. Jakar fiya wata guda 20 ce a ciki, lita goma ke nan, kowa ya yi lissafin gidansa. A samu jarkar da ba a taɓa zuba fetur ko kananzir ko wani sinadari a ciki ba, a wanke, a cika, a rufe, a ɗora a kan benci ko bulo nesa da rana, kuma a riƙa amfani da shi ana sake cikawa kada ya shekara a wurin. In ruwan da aka samu ba a yarda da shi ba a tafasa shi sosai, ko a sa maganin ruwa irin WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Alam da muke jefawa datti kawai yake kwantarwa, ruwa ya yi garau a ido amma ƙwayar cutar na nan. Kuma malamai ku tuna wa mutane hukuncin taimama, kada mutum ya ƙarar da ruwan shan yara a alwala alhali addini ya ba shi sauƙi.

Abinci kuwa Allah ya yi mana gata, don mu mutanen busasshen abinci ne tun asali, ba sai mun nemi na gwangwani mai tsada ba. Abin lura shi ne a samu wanda ake ci ba tare da an kunna wuta ba, saboda ranar da ruwa ya shiga kicin ko gas ya ƙare ba wurin sayowa. Garin kwaki da sikari da ƙuli-ƙuli, gyaɗa soyayya, dabino, aya, dakuwa, madarar gari, zuma in da hali, waɗannan yaro zai ci ya ƙoshi ya yi barci. Bayan su sai na dafawa: shinkafa, wake, taliya, garin kunu da tsamiya, garin masara, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir, barkono, gishiri, magi, kwalbar man gyaɗa ko manja. A ajiye ɗan gawayi a leda da kurfoti da ashana a cikin kwalba mai murfi. Sai dai Legas ba Katsina ba ce, iskar nan jiƙaƙƙiya ce, abin da zai shekara a rumbu a gida nan wata biyu ya isa ya yi fumfuna, kilishi da dambun nama ma ba sa jimawa. Don haka kada a bar komai a buhu a ƙasa, a zuba a robar fenti mai murfi ko jarka busasshiya. Wake musamman, a shanya shi ya bushe ƙarau, a cika jarka har baki a ɗaure murfin tam, in iska ba ta shiga ƙwaron da ke ciki mutuwa yake da kansa, irin dabarar buhun PICS ke nan da manoma ke amfani da shi. Dan girman Allah kada wanda ya zuba maganin ƙwari a abincin da zai ci ko zai sayar, mun tuna abin kunyar da ya faru a 2018 da bidiyon masu yayyafa wa wake fiya-fiya ya zagaya, har hukuma ta yi gargaɗi. A rubuta wata a jikin robar, a ci na da, a zuba sabo.

Magani ba sai an buɗe kemis a ɗaki ba. Farasitamol na manya da na yara, bandeji, auduga, aidin, sabulu, gidan sauro, audugar mata da famfas, waɗannan biyun na ƙarshe mu maza mukan manta da su sai an shiga uku. Mai hawan jini, mai ciwon sikari, mai asma, mai sikila, kada ya bari maganinsa ya ƙare ƙaf kafin ya sayo. Sannan ORS, wato ruwan gishiri da sikari na masu gudawa, wannan a kowane ɗaki ya kamata a same shi. A Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas ta kashe mutane, ta fi tsanani a Lagos Island da Eti-Osa da Kosofe, kuma Mile 12 ai a Kosofe take. Amai da gudawa rashin ruwa a jiki ne yake kisa, wani lokacin cikin awoyi. In ba na leda a haɗa na gida: lita ɗaya na ruwa mai tsabta, wato fiya wata biyu, ƙaramin cokalin shayi shida na sikari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti, ba wai a zauna a gida ana jiran ya tsaya ba. Ya kamata duk macen da ke zuwa Islamiyya ta haddace wannan awon.

Takardu kuma a haɗa su wuri ɗaya, katin NIN, katin zaɓe, na LASRRA wato na rajistar mazauna Legas, takardun haihuwar yara, na makaranta, rasit ɗin haya da na shago, takardun babur ko keke, a sa a leda biyu a ɗaure, a saka a ƙaramar jaka a rataye a ƙusa sama kusa da ƙofa, a ɗauki hotonsu a waya a tura wa wani ɗan'uwa a gida. Cikin jakar a sa 'yan canji ƙanana, ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar da za su isa mota da burodi, tocila, fawa bank da caji, da takarda da aka rubuta lambobin waya da biro, don yau in wayar mutum ta mutu ko lambar matarsa bai sani ba. Da ƙaramar rediyo mai batir. Mu da aka san mu da rediyo a kunne mun yar da ita mun kama TikTok, ranar da netwok ya ɗauke ko babban layin wuta na ƙasa ya faɗi kamar yadda ya yi ta faɗuwa a 2024, ita ce za ta gaya maka halin da gari ke ciki.

Akwai tanadin da shi kansa musiba ne, shi ne ajiye fetur a ɗakin kwana. Gidajenmu na haya ɗaki na kallon ɗaki ne, jarka ɗaya ta kama gida ya tafi gaba ɗaya. Haka janareta a baranda ko a lungu a rufe ƙofa saboda ɓarayi, hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, iyali guda sukan kwanta ba su tashi ba, gawayi a rufaffen ɗaki ma haka yake yi. In an ji warin gas kada a kunna fitila kada a taɓa makunni, a buɗe taga a fita. In tanka ta faɗi ko bututu ya fashe, samarinmu ku yi nesa, kada ku ɗauki bokiti, Abule Egba ranar 26 ga Disamba 2006 sama da mutum 200 ne suka ƙone a wajen ɗibar mai.

Yanzu maganar gudu, wadda ita ce ta fi tsaya min a rai. Manyanmu ba su manta Lahadi 27 ga Janairu 2002 ba, ranar da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta yi ta fashewa. Sama da mutum dubu suka rasu, kuma mafi yawansu ba bam ne ya same su ba, gudu suka yi ba su san me ke faruwa ba ba su san inda za su ba, wasu sun ɗauka juyin mulki ne wasu yaƙi, suka auka kanal ɗin Oke-Afa da ciyawar ruwa ta rufe samansa ya yi kamar fili, na baya na turo na gaba, yara da mata suka fi yawa. Iyaye suka yi kwanaki suna yawon neman 'ya'yansu. To yau in wani abu ya tashi da rana tsaka, maigida na kasuwa, uwargida na gida, yara biyu na boko ɗaya na allo, a ina za su haɗu? Gida nawa ne a cikinmu aka taɓa zama aka yi wannan maganar? Kyauta ce fa, ko kwabo ba a kashewa. A ce in an rabu kowa ya nufi masallaci kaza, in can ba ya shiguwa gidan kawu wane. Yaro ya haddace sunan babansa cikakke da unguwarsu da lambar waya ɗaya, wanda bai kai ba a rubuta a sa masa a jakar makaranta.

Ruwa ma haka. Ambaliyar Yulin 2011 ta ci rayuka, ta Yulin 2024 kowa ya ga Iyana Oworo ta zama kogi. 'Yan'uwanmu na Agiliti da Owode Onirin da Ajegunlen hanyar Ikorodu da Isheri da Kara su nasu ma kusan da kalanda yake zuwa, wajen Satumba da Oktoba in aka saki ruwan dam ɗin Oyan da ke kusa da Abeokuta kogin Ogun ya cika ya shigo musu ko ba a yi ruwan sama a Legas ba. Gwamnati takan yi sanarwa, amma da Turanci da Yarbanci, a jarida da talabijin, mai tura baro bai ji ba. Na je jaje ɗakin wani abokina a Agiliti bayan ruwa ya janye, layin laka a bango ya kai gwiwa, rabin buhun garinsa ya kumbura ya zama ƙullu yana tsami, matarsa na zaune a bakin ƙofa tana ɓamɓare takardun makarantar yara ɗaya daga jikin ɗaya, tawada ta narke sunan ma ba ya karantuwa. Bulo huɗu da katako da sun tsirar da garin, leda da ƙusa da sun tsirar da takardun. Ranku ya daɗe, a samu mutum ɗaya a kowace fada da aikinsa shi ne ya bi sanarwar hukumar hasashen yanayi NiMet da hukumar agajin gaggawa ta Legas LASEMA da ma'aikatar muhalli ya juya ta da Hausa, a faɗa a lasifikar masallaci bayan magariba, a tura a guruf. A riƙa tuna wa mutane su kashe wutar gida daga babban makunni in ruwa ya fara shigowa, kuma kada a ratsa ruwa mai gudu ko da iya gwiwa ne, kwata a buɗe take a ƙarƙashi.

Game da rikici ba zan tona tsohon miki ba, kun fi ni sanin Ketu a 1999, Idi-Araba a Fabrairun 2002, Mile 12 a Maris 2016 da aka rufe kasuwa aka sa dokar hana fita a layukan da ke kewaye. Abin da nake so a fahimta shi ne in na ce shiri ba makami nake nufi ba, duk wanda ya karanta wasiƙar nan ya fassara ta haka ya zalunce ni. Mai abinci da ruwa a ɗaki zai iya rufe ƙofa ya zauna har ƙura ta lafa, wanda yunwa ta koro titi shi ne ake ritsawa da shi. Kuma a kowane rikici an samu Bayerabe da ya ɓoye Bahaushe a ɗakinsa, an samu Bahaushe da ya ɓoye Bayerabe, wannan zumuncin tun ana zaman lafiya ake gina shi, mu shiga taron ƙungiyar ci gaban unguwa (CDA) na layinmu, mu biya kuɗin gadi da na shara, sarakunanmu su riƙe lambar baale, wato mai unguwar Yarbawa, da ta DPO su ma su riƙe tasu. Sai jita-jita. Tsohon bidiyo daga wata ƙasa, a ɗora masa murya a ce ga shi ana kashe Hausawa a Legas yanzu-yanzu, kafin la'asar ya kai Kano, mun san abin da ya biyo bayan rikicin Shagamu a 1999 tun ba WhatsApp ma. Ya kamata a san bakin da in ya yi magana shi ne maganar al'umma, saura kowa ya riƙe yatsansa.

Duk abin da na lissafa na mai ɗaki ne. To dubban 'yan ciraninmu fa, masu kwana a masallaci da rumfar kasuwa da kes ɗin gadi da ƙarƙashin gada, waɗanda tukunyarsu ita ce mai abincin bakin titi? Ranar da ta kasa fitowa ba su da ko cokali. Waɗannan nauyinsu a wuyanmu yake gaba ɗaya, kuma nan ne aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Annabi ya yabi Ash'ariyyawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai. Kowane babban masallaci ko fada a ware ɗan ɗaki ko ko da durom biyu ne masu murfi, mu 'yan hatsi mu zuba mudu-mudu, 'yan gwari su kawo busasshen kaya, masu hali su sa tankin ruwa, a naɗa mutum uku amintattu masu makulli, a riƙa karanta lissafi a fili duk wata don kada zargi ya kashe abin, in kaya ya kusa daɗewa a raba wa marayu a zuba sabo. A buɗe littafi kuma, duk baƙon da ya sauka a rubuta sunansa da garinsu da lambar wani nasa. Sau nawa aka yi jana'izar yaro a garin nan ba wanda ya san ƙauyensu, sai dai a ce ana kiransa ɗan Sakkwato?

'Yan agajinmu na Fityanu da Izala da JNI ga su nan da inifom da horo da biyayya, muna ganin ƙoƙarinsu a wajen tafsiri da Idi. A gayyato Red Cross da 'yan kwana-kwana da LASEMA su koya musu taimakon gaggawa, yadda ake tsayar da jini, yadda ake ɗaukar wanda ya karye, yadda ake kashe wutar gas da ta mai. A rubuta 767 da 112 da manyan baƙi a bangon kowane masallaci, kiran kyauta ne, kuma a san samarin da ke jin Turanci ko Yarbanci da za su iya kwatanta layi da bas-stop ɗin da ke kusa, don sau da yawa a nan ake ɓata lokaci.

Ranku ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Roƙona shi ne kafin ruwan Afrilu ya sauka limamai su ware Juma'a ɗaya su yi huɗuba a kan wannan a duk masallatanmu, malaman Islamiyyar matan aure su ɗauki sati ɗaya a kansa, sarakuna kuma su kira shugabannin sana'o'i zama ɗaya a fitar da wanda zai riƙe makulli da wanda zai riƙe littafi da wanda zai riƙa fassara sanarwa. In an buɗe na Agege, ni na ɗauki alkawarin buhun gero na farko da robobin zubawa, kuma zan bi 'yan layinmu na hatsi rumfa-rumfa in karɓo nasu.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya zaunar da Legas da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
mai sayar da hatsi, Agege.